Zanen Bawa da Tsumman Mai Shayi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanina Bawa, mai zane da fentin ruwa. Allah Ya jiƙansa. Da yana raye cewa ake yi ba shi da aikin yi. Yakan wuni a gindin dutsen Kwatarkwashi da buroshi da gwangwanin ruwa, in ya gama ya miƙa wa duk wanda ya ce ya yi kyau. Wasu suka toshe taga da zanensa. Wata ta naɗe daddawa.

Yanzu ni ke bin gidaje daga Gusau har Tsafe ina tattara abin da ya saura. Ban san zane ba. Ƙauyenmu ne babu. 'Yan bindiga suka ƙone shi, muka fito da kayan jikinmu, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukar hotonsa. Bawa kaɗai ya taɓa zana shi: ɗakin Innarmu, rumbuna, kukar bakin rijiya. Jikokina a Gusau aka haife su. In na ce muna da gari, kallona kawai suke yi.

Bana aka ce mini zanen ƙauyen yana Bunguɗu, rataye a rumfar Malam Sani mai shayi. Na aika masa ina tafe. Da na isa ya tare ni da murna.

"Baba, hayaƙi ya ɓata shi. Na ce wallahi ba ni ba ka shi da dauɗa. Na sa jiƙaƙƙen tsumma na goge maka shi tas."

"Mi ka goge?"

"Har da ɗan sabulu."

Na karɓa. Ɗakin Inna ya tafi. Rumbunan sun koma laka. Kan kukar ne kawai ya tsira. Shekara da shekaru hayaƙi bai cinye takardar nan ba, sai kirkin mutum.

Da Bawa na nan, dariya zai yi ya nemi wata takardar. Ni ban yi dariya ba. Shi ke iya sakewa, kuma yana kabari.

Zanen yana bangon ɗakina yanzu. Jikata Hauwa ta tsaya ta daɗe tana dubawa.

"Kaka, ina gidan?"

Na ɗora yatsa a wankakken wurin, ƙasan kukar. "Nan."

Ta ce ita ba ta ga komai ba. Na ce ta zauna, in fara mata daga ƙofa.