Shafin da Na Rantse Ba Zan Kalla Ba

Shekara biyar ke nan cif da rasuwar ƙanena Nafi'u, Allah ya jiƙansa da rahama. Ya rasu a makon da muka fara tsinkar tumatir. Duk shekara idan na ga an fara jera kwanduna a bakin titi, sai in tuna akwai wata magana tsakanina da shi da ban taɓa faɗa wa jama'a ba. Bana na ga gara in rubuta ta, daki-daki, yadda ta faru.

Ni ne nake riƙe da makullin ƙofar ruwa ta ɓangarenmu, a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Ni nake tsara wanda zai sha ruwa Asabar da wanda zai jira Talata. Nafi'u shi ne autanmu. Da ya gama sakandare ya tafi Kano, ya yi shekara biyu a wani shagon buga takardu, a can ya koyi haɗa shafin intanet, lokacin da yawancinmu ko wayar salula ba mu fara riƙewa ba. Ya dawo da wata tsohuwar kwamfuta a cikin kwali, ya ce zai yi wa ƙungiyarmu ta manoma shafi, domin masu saye na Kudu su san lokacin da tumatir da albasa da kauɗa, wato busasshen tumatir, suke fitowa, ba sai sun ji daga bakin dillali ba.

Yadda yake aikin shi ne ya fara damuna. Da farko yakan zauna da biro da littafi mai layi, ya rubuta umarnin da kwamfuta take karantawa, haruffa da alamomi barkatai. Bayan haka, in an kawo wuta, ya buɗe wata 'yar manhajar rubutu da take zuwa da kowace kwamfuta, farin allo fayau babu ado, ya kwafe abin da ya rubuta. Daga nan ya zuba a ɗan faifai, ya hau mota zuwa kafen intanet a Kano ya ɗora. Mutanen majalisarmu suka fara zolaya. Alhaji Sule, mai motar ɗaukar kaya, ya ce, "Malam Habu, ashe bugun tafireta ɗan'uwanka ya je ya koyo? Ai da ka gaya mini, da na kai shi ƙofar kotu."

Na ji zafin maganar. Ranar da na shiga Kano sayen bel ɗin injin ban-ruwa, sai na ratsa wajen masu sayar da kayan kwamfuta. Na tambayi mai shago da irin tambayar da na saba yi a kan inji: wace manhaja ce ta fi ƙarfi wajen haɗa shafi? A wajenmu inji mai inci uku ya fi mai inci biyu, babu gardama. Ya miƙo mini wani faifai a kwali mai ƙyalli, ya ce da wannan ba a rubuta komai, hoto ake ja a ajiye, rubutu a ja a ajiye, ita take yin sauran. Na saya. Bayan la'asar na kira Nafi'u gaban majalisa na ba shi, domin Alhaji Sule ya gani. Ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya.

Bayan kamar wata guda, shinkafa ta fitar da kai, janbaki ya sauko. Na bi ta gonar Nafi'u da hantsi, na ga igiyar korar tsuntsaye da ya ja daga kunya zuwa kunya, da ledoji da gwangwanaye. A tsakiyarsu ga faifaina yana juyawa, yana walƙiya a rana.

Na ce, "Nafi'u, mene ne wancan?"

Ya dubi igiyar, ya yi dariya. "Yaya, ai ka ce mai ƙarfi ne. Tun da na rataye shi ko tsuntsu ɗaya bai sauka ba."

Da ya ga fuskata sai dariyar ta ɗauke. Ya biyo ni a kan kunya yana bayani, kuma har yau ina riƙe da dalilansa a jere, duk da a ranar na yi kamar ban ji ba. Na ɗaya, ya gwada manhajar mako guda, kwamfutarsa ba ta iya ɗaukarta, sai ta sandare. Na biyu, wuta ba ta zama, kuma abin da ake ja da hannu a allo ba a iya shirya shi a takarda kafin a kawo ta. Na uku, shafin da take fitarwa nauyi gare shi, mai saye da ya biya minti goma a kafe zai tashi bai ga komai ba. Na huɗu, takan cusa umarnin da shi bai rubuta ba, in abu ya lalace bai san inda zai taɓa ba. Ya ce, "Yaya, kai za ka yarda wani ya riƙa buɗe maka ƙofar ruwa kana gida, ba ka san inci nawa ya ɗaga ba?"

Na tsaya na ce masa, "Wallahi ba zan kalli shafin nan ba sai ranar da ka yi shi da abin da na saya maka."

Ya je ya kwance faifan, amma rana da igiya sun riga sun gama da shi.

Shafin ya hau. Ya zo har zaure ya ce, "Yaya, an gama. Ko a kwamfutata ma zan iya nuna maka." Na ce ya san abin da na faɗa. Limaminmu ya ji labari, ya tare ni bayan Juma'a, ya ce irin wannan rantsuwa karya ta ake yi, a ciyar da miskinai goma, a wuce wurin. Na yarda da shi. A raina ma na riga na sauko. Sai dai na sa abin a layi, yadda nake sa komai. Na ce bari a gama girbin shinkafa. Aka gama, sai yashe kanal. Aka gama, sai dashen tumatir, da rigimar rabon ruwa da take biyo shi. Muna gaisawa, muna cin tuwo a kwano ɗaya, ba ya tayar da maganar, ni ma ba na tayarwa.

Zazzaɓi ya kama shi a cikin sanyi. Aka ce na cizon sauro ne, daga baya aka ce taifot. Ya yi sati bakwai tsakanin gida da asibiti. Ko a gadon asibiti ban ce masa komai a kan shafin ba, domin na ɗauka faɗar hakan kamar sallama ce.

Bayan sadakar arba'in na ciyar da mutum goma. Washegari na shiga Kano da adireshin da matarsa Hassana ta rubuta mini. Mai kafe ya buga sau uku, allon bai nuna komai ba. Ya ce irin wannan adireshi haya ake yi ta 'yan watanni, wa'adin ya cika tun mai shi yana kwance, an sauke. Na dawo na ɗauki kwamfutar na kai wajen mai gyara, ya ce wuta mai ƙarfi ta ƙone ma'ajiyar bayananta. Littattafan kuwa, Nafi'u yakan yage duk takardar da ya gama kwafewa ya ƙunshe iri da ita. Na samu ƙunshi shida na irin albasa a rumbunsa. Na kai takardun aka buga, babu abin da ya haɗu.

Yanzu akwai kafe a cikin Kura. Wasu ma a wayarsu suke buɗe intanet. Nakan zauna a benci ina jiran a buga mini jadawalin ruwa, in ji matasa suna musu a kan kayan aikinsu. Wannan ya ce tasa manhajar tana rina umarni kala-kala, ta nuna maka inda ka manta rufe alama. Wancan ya ce shi ba ya rubuta komai, shiryayyen gida yake ɗauka ya zuba kayansa. Ina jin da Nafi'u yana nan da ya karɓi ta farkon da murna, domin bai taɓa ƙin sabon abu don sabunta ba. Da ya tambaye su abin da ya tambaye ni: injinka zai ɗauka, mai buɗewa zai iya jira, kuma in ta lalace ka san inda za ka taɓa? Wani lokaci nakan so in faɗa musu. Sai in tuna wane ne ni a wannan magana, in karɓi takardata in fita.

Me ya rage na Nafi'u? 'Yarsa tana aji uku. Masu saye biyu daga Kudu har yanzu suna zuwa kai tsaye wajen ƙungiyarmu, kuma ta shafin suka san mu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ina roƙon Allah ya sa masa a mizani.

Shafin kansa kuwa, mutum huɗu na sani a garinmu da suka gan shi da idonsu. Limamin ya rasu. Sakataren ƙungiya ya koma Zariya. Hassana ta yi aure a Dawakin Kudu, ba ya kyautuwa in riƙa zuwa gidan wani ina tayar mata da tsohon miki. Saura Alhaji Sule. Duk shekara nakan same shi in ce ya faɗa mini abin da ya gani. Shekarar farko ya ce saman kore ne, da hoton ƙofar ruwa, da jerin kayan gona wata-wata. Bara ya ce kamar shuɗi ne. Makon jiya na same shi a gindin motarsa, na sake tambaya.

"Malam Habu," ya ce, "ka yafe mini. Wallahi na manta."