Saniyar Goggo Mai Karatu

A shekarata ta biyu a kwalejin horar da malamai na faɗi jarrabawar bayoloji, aka ce in maimaita. Na koma gida Beli hutu da littafina, kullum da hantsi ina zaune a gindin ɗorawa kusa da garke ina hadda da ƙarfi.

Goggo, yayar mahaifina, a nan take tatsar farar saniyarta. Kwana uku tana saurarona, a na huɗu ta ajiye ƙwarya.

"Ke, wannan surutun da wa kike yi?"

Na ce mata jikin kowace dabba cike yake da 'yan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, kuma a cikin kowacce akwai rubutu mai haruffa huɗu kacal. Wani ɗan aike ne yake kwafar layin da ake bukata ya fito da shi, a karanta haruffan uku-uku. Kowane uku suna kiran sinadari ɗaya, a yi ta jera su kamar duwatsun wuya a zare, har a sami furotin, irin wanda ke cikin madarar nan.

Goggo ta dubi saniyar, ta daɗe.

"Wato ita ta iya karatu, ni ban iya ba."

"Ba haka nake nufi ba, Goggo."

"Shekara takwas muna tare, ko sau ɗaya ba ta nuna mini ba."

Daga ranar ta koma kiran saniyar Malama, har da tambayarta gajiya. Da rani ya yi nisa madara ta ragu, sai Goggo ta same ni da fuskar damuwa, wai Malama ta fara ɓatan baƙi. Na ce kuskuren harafi yana faruwa, amma wannan yunwa ce. Ta gyaɗa kai, ta ce ai ɗalibi ba ya karatu ciki wayam, ta ƙaro mata dusa da harawa.

Ranar kasuwar Rogo na raka ta tallan nono. Duk wadda ta tsaya sai Goggo ta shaida mata na saniya mai ilimi ne. Wata tsohuwa ta ɗanɗana, ta tambaya a wace makaranta ta yi.

Goggo ta nuna ni da ludayi.

"Tambayi wannan, tare suke karatu. Ita dai Malama ba a taɓa cewa ta maimaita ba."