Takin Alhaji Labaran a Ɗakin Na'urar Mardiya

Mardiya matsoraciya ce, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Tana tsoron kare, tana tsoron tsawa, hanyar Kurfi zuwa Dutsin-Ma kuwa sai dole take binta. 'Yar ƙanena ce, Alhaji Labaran mai hatsi, don haka na san abin da nake faɗa.

A jami'ar Dutsin-Ma take karanta kimiyya, ta zaɓi nazarin wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, masu faɗowa daga sararin samaniya su ratsa rufi da jikin mutum. Malaminta ya ba ta na'ura kamar akwatin rediyo mai ƙirga su. Ta ajiye ta a wani ɗaki a gidansu na Kurfi saboda akwai wutar sola, lissafin yana zuwa mata ta waya. A makaranta take koyon rubuta wa kwamfuta umarni don ta tace shi. Ta ce kowane layi sai ta karanta shi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Gab da damina lissafin ya tashi, ya ƙi sauka. A bayan bangon ɗakin Rabi take kwana, matar yayanta, da tsohon ciki. Mardiya ta kira ni a waya.

"Gwaggo, in wani abu ya sami cikin nan, ni na kawo akwatin."

Na ce ai ita ta gaya mana ƙirga kawai yake yi. Ta ce ta sani, amma ba ta san me yake ƙirgawa yanzu ba. Maganar ta fita, mata suka ce akwatin ne ke jawo ƙwayoyin. Rabi ta kwashe tabarmarta ta dawo ɗakina, ba ta ko iya cin tuwo.

Mardiya ta sa kwamfuta ta zana lissafin sa'a bayan sa'a. Sai ta ga tashin ba a hankali ya zo ba. Tsalle ɗaya ya yi, ranar kasuwa bayan azahar. Ta shiga mota, ta bi hanyar da take tsoro, ta buɗe ɗakin. Buhunan takin zamani ne jingine da na'urar har rufi. Ubanta ya ce ɗakin kaɗai ke da kwaɗo mai kyau, ina aka so ya kai su, bakin titi? Mardiya ta ce akwai sinadari a takin da na'urar ke ji, ɗan kaɗan ne, ba ya cutar da kowa. Aka fitar da buhunan, lissafin ya koma yadda yake. Rabi ta haihu lafiya.

Tsoron bai bar Mardiya ba. Kafin ta koma makaranta ta tara mu a tsakar gida.

"Baba, don Allah, ko tsintsiya za a ajiye a ɗakin nan, a kira ni tukuna."