Kifin Amaryar Jidda

A gidanmu, can bakin Kwara ta wajen Yawuri, akwai wata al'ada da na taso na tarar. Duk yaron da ya fara kama kifi da hannunsa, mace ko namiji, ba ya ci, uwarsa ma ba ta taɓawa. Kakansa ake kai wa. Tsoho ya ci, ya lashe yatsu, ya ce wane ya ciyar da ni. Daga ranar an san da zamanka a gidan. Ni ma haka na yi wa nawa kakan da wata 'yar karfasa da ba ta cika tafin hannu ba.

To ni Allah bai ajiye abincina a ruwa ba. Na zo aikin hajji, na sami kafili, wato ubangidan da ya tsaya mini, na zama tela a wani lungu na Bab Makka a Jidda, ina ɗinka wa alhazai jallabiya. A unguwar Sharafiyya aka haifi 'yata ta fari. Ruwan da ta sani shi ne na famfo, sai kuma teku da muke gani daga nesa in mun fita shan iska ran Juma'a da yamma. Hausa tana jin ta tsaf, amma ka yi mata magana ta mayar maka da Larabci, har da juya ido.

A wancan zamanin kaset muke aika wa juna da mutanen gida. Wata shekara, tana da kamar takwas, wani ɗan ƙanen mahaifina ya zo hajji, bayan an sauko daga Arfa ya kawo mana kaset ɗin Baba. Muka baje a falo muka kunna. Bayan gaisuwa da labarin wanda ya rasu da wanda ya haihu, sai tsoho ya shiga jero sunayen jikokinsa da suka ciyar da shi, ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ya yi gyaran murya.

"Saura amaryata ta Jidda," in ji shi. "Ita dai rowa gare ta, ko ƙaya ban gani ba. In ba ta aiko bana ba, na fasa auren."

Ni da uwarta muka kwashe da dariya. Muna juyowa sai muka ga yarinya hawaye shaɓe-shaɓe. Na yi ta yi mata bayani cewa wasa ne irin na kaka da jika, haka ake yi a gida, ita ma tana iya ce masa tsoho mai ƙwaɗayi ba wanda zai tsawata mata. Ta saurare ni har na gama, sannan ta tambaye ni da Larabci ko sunayen da ya kira su ma wasa ne. Na ce a'a. Ta ce to nata ba ya ciki. Wallahi abin ya soke ni, don gaskiya ta faɗa.

Alhajin da ya kawo kaset ya ce jirginsu da wuya ya tashi kafin mako mai zuwa. In kifi bai bi shi ba, sai kuma wata shekarar, ga Baba ya tsufa. Uwargida ta ce abu mai sauƙi, in je bangala, kasuwar kifi, in sayo ɗaya mai kyau, a yi bandarsa a aika, wa zai sani? Na miƙe tsaye na ce ni ɗan masunta in yi wa ubana wannan? Kafin in kai ƙarshen faɗan yarinya ta leƙo daga ɗaki ta ce haram ne. Uwarta ta ce shi ke nan, ku biyun ku ƙarata.

Ina da wani aboki, Bahaushen Sudan, da ke aiki a jiragen kamun kifin kafilinsa can arewa da Ubhur. Na same shi na karanta masa. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce akwai huri, wato ɗan siririn kwale-kwalen masuntan bahar, kusan irin namu na gida. Akwai kuma wani lungun ruwa da teku ta shigo cikin hamada ta kwanta, ba igiyar ruwa, ba kowa sai ƙaguwa. Mu zo ran Alhamis da la'asar, mu kwana a kan yashi, mu shiga ruwa da asuba, mu fito kafin Juma'a. Izinin masu gadin gaɓa shi zai nema, ni dai kada in manta da iƙamata, katin izinin zama. Da zan tafi ya ce kada in wahalar da kaina kan abin da za a sa wa ƙugiya, zai zo da habbar. Na ce mene ne habbar? Ya nuna mini wani abu fari mai santsi, hannuwa barkatai, ko kyan gani babu. Na ce Allah ya kiyaye, jikar Baba da tana za ta fara, kamar yadda kowa ya fara a gidanmu. Ya ce ya zol, haka suke kiran mutum a Sudan, a Jidda za ka sami tana? Na ce ya bar ni da wannan.

Daga nan gida ya rikice da shiri. Uwargida ta gindaya sharaɗi: in babu rigar ceto mai hana nutsewa, 'yarta ba ta taka ko'ina. Na ce kaf zuriyarmu ba wanda ya taɓa ɗaura wannan abu. Ta ce kaf zuriyar tamu ba wanda ta haifa. Washegari na zagaya unguwar Bagdadiyya na samo wata mai ruwan lemo, yarinya ta saka ta ƙi cirewa, da ita ta ci abincin dare. Tanti kuwa wani maƙwabci ya ara mana, irin wanda ake kafawa a Mina, duk ya sha faci. Na haɗa tabarma, fitila, tukunya, wuƙa, igiya, na tsaya ina yaba kaina. Uwargida ta dubi kayan ta ce ina ruwan sha? Na buɗe baki zan ce ai bakin ruwa za mu, sai na tuna. A gida in ƙishi ya kama ka hannu kawai za ka miƙa gefen jirgi. Ta jero mana jarkoki, kallon da ta yi mini ya ishe ni.

Kullum bayan la'asar sai mu hau soro ni da yarinya. In shimfiɗa tabarma in ce wannan ne jirgi, in ba ta muciya in ce wannan ne filafili. Na koya mata yadda ake shiga a durƙushe, a zauna a tsakiya, ba a miƙewa ko me aka gani. Na koya mata ɗora zare a kan yatsa, ni kuma in koma ƙarshensa in zama kifi. In na ɗan ja sau ɗaya, ta yi haƙuri, ɗanɗano ne. In na ja na biyu, ta fizga. Matan maƙwabta da ke shanya suka yi ta leƙenmu suna dariya, ko a jikina.

Saura tana. Jama'a, na sha wuya. Garin da ba a ruwan sama, ƙasa duk gishiri, ina tana za ta zauna? Na tona bayan gidanmu inda na'urar sanyaya ɗaki ke ɗiga, ban samu ba. Na tona gindin darbejiyar da ke bakin wurin alwala a masallacin unguwa, ladan ya fito ya tambaye ni ko na yar da wani abu ne. A ƙarshe wani mai ba furanni ruwa a shataletale ya tausaya mini, ya ɗaga mini wata tukunyar shuka, sai ga su, 'yan sirara kamar masu jinya. Na kwashe a gwangwanin madara na ajiye a soro. Kafin azahar ɗin washegari zafi ya dafa su. Na koma na roƙo wasu, wannan karon na sa gwangwanin a firji, can bayan robar yaji. Da asuba uwargida ta buɗe za ta ɗebi madarar shayi. Salatin da ta yi har hawa na ƙasa an ji. Ni da gwangwanina muka wuni a shago, kusa da fanka.

Ran Alhamis abokina ya zo da wanet, wato a-kori-kura, muka loda. Uwargida ta biyo mu har bakin titi tana jaddada mini cewa 'yarta amana ce. Mun bar kwalta, mun bi wata hanyar yashi, sai ga wurin: ruwa shuɗi kwance lumui, huri a ɗaure, ba gida ba bishiya. Muka kafa tanti, iska ta tuge shi, muka sake kafawa. Yarinya ta yi ta bin ƙaguwa da gudu cikin rigar cetonta har magariba. Abokina ya dafa shayi mai kauri, muka ci gurasa da wake, muka yi isha, ta yi barci da zaren fatsa a hannu.

Da muka idar da asuba muka tura huri. Ta shiga a durƙushe, ta zauna a tsakiya, yadda muka yi a soro. Da na karɓi filafili na soka a ruwa, sai na ji kafaɗuna sun tuna abin da na ɗauka sun manta, daɗi ya kama ni har na fara waƙa. Abu ɗaya ne ya dame ni. Ruwan Kwara ja ne, ba ka ganin kifi, shi ma ba ya ganinka. Wannan kuwa garau yake har ƙasa, ga kifaye nan suna yawo suna kallonmu.

Na soka tana a ƙugiya na yi bismilla, ta saki zare. Tanar tana taɓa ruwan gishiri ta yi fari ta saki jiki. Kifi ya zo, ya shinshina, ya juya. Wani ya zo, shi ko tsayawa bai yi ba. Na ce wurin ne, muka matsa gaba. Na ce inuwar jirgi ce, muka juya. Abokina ya kafa ido a sama yana taunar asuwaki, kuma hakan ya fi magana ba ni haushi. Rana ta ɗaga, zafi ya fara cizo, tana ta kusa ƙarewa, ga Juma'a na matsowa. Yarinyar da tun asuba bakinta bai rufu ba ta yi tsit. Can ta ɗago ta dube ni.

"Baba, Kaka ya ce lazim sai da tana?"

Na bi al'adar tun daga kakana har zuwa kaina. Da hannunka, shi ke nan abin da aka ce. Ba wanda ya taɓa ambaton tana, don a gida ba a san wani abu ba sai ita.

"Bai ce ba," na ce.

Ashe abokina ya ɓoye habbar ɗinsa a ƙarƙashin mazauni. Ya yanko ɗan ƙarami ya miƙa mata, ita ta soka da kanta tana yamutsa fuska. Zare bai gama sauka ba na ga yatsanta ya motsa. Ta dube ni, na girgiza kai. Ta jira. Aka ja na biyu, ta fizga. Zare ya miƙe yana yanka ruwa, tana ja tana haki, jirgi na rawa. Na mayar da hannuwana baya na riƙe ɗaya da ɗaya, don na san in na taɓa zaren nan kifin ya zama nawa. Ta yi ta ja har ya faɗo cikin jirgi yana tsalle, irin wanda suke kira sha'ur ne, bai fi tsawon tafin ƙafarta ba. Ba ta miƙe ba, a zaune ta yi ihunta. Ni dai har gobe ina nan a kan bakana, tanar nan ba ta da laifi, kifin bahar ne bai san abin daɗi ba.

A soro muka yi bandarsa a kan rabin ganga, ita ta zauna gadi da muciya saboda kyanwoyin unguwa. Uwargida, wadda ta ce mu ƙarata, ita ta naɗe shi a takarda ta sa a sabon gwangwani, ta ɗinke shi cikin ƙyalle. Muka kai wa alhaji a masaukinsu, muka tarar har an fara auna kayansu. Yarinya ta sa shi ya yi alkawari a jakar hannu zai riƙe.

Amsa ba ta zo ba sai da masu umara suka fara shigowa. Duk tsawon watannin nan, in aka ƙwanƙwasa ƙofa ita ce mai buɗewa. Ranar da kaset ya iso ko cire takalmi ban yi ba ta kunna. Da farko ba magana, sai wata 'yar ƙara ƙus-ƙus. Ashe tsoho cewa ya yi a ɗauka yana ci. Muka ji ya tauna, ya tsotsi ƙaya, ya nemi ruwa. Sannan ya soma jero sunayen nan daga farko, a hankali, bai tsallake kowa ba. Yarinya ta riƙe hannun uwarta. Da ya kai ƙarshe ya kira sunanta, ya sake kira.

"Amarya, girkinki ya iso. Kin ciyar da ni. Sai dai ɗan mitsitsi ne, ban ƙoshi ba. To me kika ce?"

Ya yi shiru, kaset na ta juyawa, yadda tsofaffi ke yi kamar kana gabansu. Ta matsa kusa da rikoda, ta sa baki dab da ita, ta ce da Hausarta mai karkata:

"Tsoho mai ƙwaɗayi."

Uwarta ta fashe da dariya. Ni kuwa na kasa, hawaye ne suka zubo mini, na farin ciki, ban kuma ɓoye ba. Na tashi na lalubo sabon kaset a cikin durowa, na ce ta sake faɗa da ƙarfi, kunnen kakanta ya yi nauyi.