Turaren Marhabin a Madarumfa

Ana sallame asuba muka kama hanya daga Maradi, ni da ƙanwata da Innarmu. Fuka ce ta matsa wa Inna, lokotoro, wato likita, ya ce a nisanta ta da hayaƙi. Muka ce ai shi ke nan, a kai ta Madarumfa gidan Kawu, ƙanenta, ta sha iskar tafki. Mu a tunaninmu hayaƙi abin birni ne.

Ashe mun manta lokacin sassabe ne. Tun kafin mu kai garin Safo gonaki ke ci da wuta, an tara kara da ƙaya ana ƙonawa kafin damina. Hayaƙin bai tashi sama ba, ya kwanta a kan titi, amalanken jaki ma sai ka zo dab kake ganinsa. Rana ta fito jajir ba haske. Direbanmu, mai surutun tsiya, ya rantse rabin hayaƙin daga Najeriya yake, wai hayaƙin kaɗai ke wuce 'yan duwan masu tsaron iyaka ba a tsayar da shi. Na ce su ma can haka suke cewa da namu. Inna ta yi dariya, dariyar ta koma tari.

A bakin tafki mata na bandar kifi. Na sayi na karin kumallo, mai zafi da yaji, ba tsada. Amma na ga da leda suke kunna wutar, idanunsu duk sun kaɗa. Wallahi sun ba ni tausayi, nan abincinsu yake.

Gidan Kawu an share tas. Matarsa ta tarbe mu da murna, ta riƙo hannun Inna zuwa ɗakin da ta gyara mata. Tana ɗaga labule hayaƙi ya bugo mu. Tun asuba ta rufe ɗakin da turaren wuta, irin mai kyau da take ɓoyo don babban baƙo, ta ƙara da ganyen korar sauro. Inna ta taka ciki don kada ta kunyata ta. Nan take numfashi ya sarƙe, ta dafa bango.

Muka fito da ita ƙarƙashin bishiya, ƙanwata ta shaƙa mata magani, muna ta fifita. Na tsorata ƙwarai. Matar Kawu ta kwara wa kaskon turaren ruwa, ta durƙusa tana hawaye.

"Yaya, don in girmama ki na yi."

Da Inna ta samu magana ta ce, "Na sani. Ƙunsa mini sauran turaren."

Kawu ya so mu kwana, amma maƙwabtansa ma washegari za su sa wa gonakinsu wuta. Da la'asar muka juyo, gilasan mota a rufe duk da zafi.

Tafiyar ta koya mini cewa iskar nan ɗaya ce, birni da ƙauye da ƙetaren iyaka, kowa na zuba mata abinsa, galibi ba da mugun nufi ba. Turaren yana ƙasan akwatin Inna har yau. Takan ɗauko ta shinshina, ba ta taɓa sa masa wuta ba.