Uban Amarya a Gindin Darbejiya

Ke Zulfa, sarauniyar barci, tashi ki ji wanda na gani a ƙofar masallaci a Miga.

Tsoho ne dogo, babbar rigarsa ta sha sitaci har za ta iya tsayuwa ba shi a ciki. Yana zaune gindin darbejiya, yana ta gyaran hular da ba ta karkace ba. An ce Bamaguje ne, 'yarsa ta musulunta, yau ake ɗaura mata aure. Shari'a kuwa ba ta ba shi walicci ba, liman ne waliyyi. Ina jin a kafaɗarsa yake saɓa 'yar zuwa gona tana ƙarama, ga shi yau sai kasa kunne daga waje, ko za a tuna da shi.

Sai sanƙira ya leƙo ya ɗaga murya: "An ɗaura auren Misbahu da Nuriyya, 'yar Baba Barau!"

Tsoho ya miƙe zumbur, goron cinyarsa ya watse. "Kai ɗan nan, maimaita! Mutanen Dutse ba su ji ba!"

Liman ya fito yana dariya, ya kama hannunsa. "Baba, aron 'ya ka ba ni, na mayar. Tsaya surukinka ya durƙusa maka."