Ni Na Ba Ta Daddumai

Ranar Litinin aka kori Malama Saratu Luka daga makarantar da ta yi shekara goma sha tara tana koyarwa, a bayan kasuwar Tarauni. Laifinta, wai ta sa 'ya'yan Musulmi sun yi mata sujada. Ba ta yi ba, kuma waɗanda suka kore ta sun san ba ta yi ba. Jiya Laraba mai gidan da take haya a Gyadi-Gyadi ya ce ta tashi nan da Asabar, ba ya so a ƙona masa gida. Yau Alhamis.

Sunana Khadija, katanga ɗaya ce tsakanina da ita. Atamfa nake sayarwa a gida, autata Hafsat tana aji huɗu a makarantar. Iyakata sakandare, ban iya ƙawata magana ba. Zan dai faɗi wace ce Saratu, tunda masu tura bidiyonta ko sunan ubanta ba su sani ba.

A Gyadi-Gyadi aka haife ta. Ubanta, Baba Luka, mutumin Zonkwa ne, direba a ma'aikatar ayyuka, ya zo Kano tun ba a yi rabin gidajen unguwar nan ba. Tare muka yi carafke da ita a zauren gidanmu. Kajin Kirsimetinsu babana ke yankawa don mu ma mu ci. In tana faɗa da Kananci, sai ka leƙo ka ga fuskarta kafin ka yarda ba 'yar cikin badala ba ce. Zonkwa kuwa sau biyar ta taɓa zuwa, huɗu daga ciki jana'iza ce ta kai ta.

Ta auri Ezekiel, ma'aikacin wani kamfanin roba a Sharaɗa. Allah bai ba su haihuwa ba. Tun ana acaba a garin nan, wata rana babur ya kayar da ita a shataletalen Dangi, ƙashin bayanta ya taɓu. Wata bakwai tana kwance. Ni nake juya ta, ni nake kai mata fo. A lokacin ne matar maigidan Ezekiel, wata Ba'indiya siririya, ta zo dubiya, ta ga halin da take ciki, ta riƙa dawowa duk Talata. Ta koya mata yadda ake jan numfashi a riƙe a saki, da yadda ake miƙa gaɓa ɗaya bayan ɗaya. Ina zaune ina kallo, a raina ina cewa aikin banza ne. Saratu ta tashi. Ta fara da dafa bango, ta koma sanda, ta jefar da sandar. Ezekiel ya rasu shekara shida ke nan. Ita ta ci gaba da zuwa makaranta a ƙafa, da jakarta ta roba da lemarta.

Yoga ake ce wa abin. Ba ta taɓa ɓoye sunan ba, amma yara “miƙa” suke cewa. Bayan hutun korona ta fara yi musu, don sun dawo kamar an kwance awaki, ba mai iya zama minti biyu. Ta nemi izinin hedimasta, Malam Ashiru, ya ba ta minti ashirin duk safiyar Laraba. Har hoton yaran ya sa aka buga a babban ƙyallen tallar makaranta da ke bakin get, kowa ƙafa ɗaya a sama.

Sunayen Indiya ba su zauna a bakin yara ba, sai ta raɗa nata. Akwai mage, akwai dabino, akwai balbela, wato tsayuwa da ƙafa ɗaya. Na sha tsayawa in ji su in na kai wa Hafsat abin tara.

“Wa ya faɗi?”

“Ni ne, Malama!”

“To balbela in ta faɗi me take yi?”

“Tashi take yi!”

“Tana leƙen maƙwabciyarta ta ga ko ita ma ta faɗi?”

“A'aaa!”

“To kai mai kan kwakwa, me kake kallo a wajen Fatima? Ƙafarka tana can ne?”

Sai dariya, sai rabinsu su zube, su sake tashi.

Na ƙarshe shi ne kunkuru. Yaro ya durƙusa, ya zauna a kan dugadugansa, ya kifa goshi a kan hannuwansa, ya ja numfashi huɗu a hankali. Takan ce musu, kunkuru in ya ji tsoro ko haushi ba ya cizo, gida yake shiga ya huce, sannan ya leƙo.

Hafsat tana da asma. Saratu ba ta taɓa ce mini miƙa magani ba ce. Cewa ta yi, “Ki shaƙa mata maganinta yadda likita ya ce. Amma tsoro ne ke fara shaƙe ta kafin ciwon, shi nake so ta iya riƙewa.” Ta kuwa iya. Da, in abin ya taso sai ta yi ta fizge-fizge har maganin ya ƙi shiga. Daga baya da kanta take natsuwa ta miƙo hannu. Wata rana ta fasa mini filas ɗin shayi sabo fil, na cire silifas na yi kanta. Ta ɗaga mini yatsu huɗu.

“Mama, ki ja numfashi huɗu tukuna.”

“Ni za ki koya wa numfashi? Kafin a haife ki nake yinsa!”

“Huɗu kawai, Mama. In kin gama sai ki dake ni.”

Na ja. A na uku dariya ta ƙwace mini. Filas dai ya tafi.

Yanzu ga inda nawa laifin yake. Simintin tsakar makarantar ya farfashe, yana goge wa yara gwiwa. Farkon zangon nan Saratu ta shigo tana tambaya ko ina da tsofaffin tabarmi. Ba ni da su. Amma a saman sif ɗina akwai daddumai tara, tsarabar Makka ta shekara da shekaru, duk sun koɗe. Kowace mace a garin nan tana da irinsu: ba ka iya jefarwa a bola, ba ka iya ƙonawa, sai su yi ta taruwa. Na sauke su na zube mata.

Ta tsaya tana kallonsu. “Khadija, anya kuwa? Abin sallarku ne fa.”

“Dadduma ƙyalle ce, ba Alƙur'ani ba,” na ce. “Ɗauki, kin rage mini kaya.”

Ta ɗauka. Kuma da yake rana tana dukan idon yara da safe, takan juya su su fuskanci yamma, ita ta tsaya a gabansu. Ba ta yi tunanin alƙibla ba. Ni da nake salla sau biyar ma ban yi ba.

Larabar makon jiya wani ya leƙo daga benen da ke kallon makarantar ya ɗauka da waya. Daƙiƙa goma sha huɗu. Yara a jere a kan daddumai, kai a ƙasa, sun ba gabas baya, ga Kirista a tsaye a gabansu. Bai ɗauki balbela ba, bai ɗauki mage ba, bai ɗauki dariyar ba. Kafin azahar ɗin Alhamis yayata ta turo mini shi daga Hotoro: “Ba makarantar Hafsat ba ce wannan?” Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci samari suka taru a bakin get.

Lahadi aka kira taron iyaye. Alhaji Ƙasimu, shugaban ƙungiyar iyayen yara, shi ya zauna a tsakiya. Aka ajiye Saratu a kujerar 'yan aji ɗaya, gwiwoyinta har ƙirji. Ta ce a ba ta minti biyar ta nuna abin da ake yi daga farko zuwa ƙarshe.

Wani daga baya ya ce, “A ba ta mana, mu ma mu yi mata sujadar!” Aka yi dariya.

Aka tambayi Malam Ashiru. Ya gyara hula, ya ce shi motsa jiki ya sani, bai san abin ya kai haka ba. Mutumin da ya sa hoton a ƙyalle.

Na miƙe na ce, “Daddumai nawa ne. Ni na ba ta. Ta ce anya, na ce ta ɗauka.”

“Hajiya, zauna,” in ji Alhaji Ƙasimu.

“Ni ba Hajiya ba ce, tsaraba aka kawo mini. Ku tambayi 'ya'yanku mana! Wa ya taɓa yin sujada da goshi a kan hannu, yana zaune a kan dugadugai? Kai Alhaji, jikanka yana cikin bidiyon, ka tambaye shi?”

“Ba ke ake nema ba, Maman Hafsat. Zauna.”

Matan da ke kusa da ni suka ja mini hijabi. Na zauna. Wannan zaman har yanzu yana nan a ƙirjina kamar dutse.

Da aka tashi na tare shi a bakin motarsa. Ya rage murya. “Ke ma kin san mun san ba ta yi ba. Na tambayi yaron, ya nuna mini, har ya sa ni na gwada ta ƙafa ɗayan. Amma wuta ce ta tashi, sai an zuba mata ruwa.”

Na ce, “Saratu ce ruwan?”

Ya shiga mota ya ja gilashi.

Litinin aka ba ta takarda. Ƙyallen bakin get ya ɓace, sai ƙusoshi huɗu. Ta je wajen fastonsu, ya ce dama ya sha gaya mata ta rabu da abubuwan Indiyawa. Talata da la'asar aka yi ta jifan rufin ɗakinta, duwatsu suna gangarowa har tsakar gidana. Ƙarar ta tayar wa Hafsat da ciwonta. Na ce ta natsu, ta yi kunkurunta kafin in ɗauko maganin. Ta ƙanƙame bango, tana haki, tana girgiza kai.

“A'a, Mama. Za a ɗauke ni a waya.”

Sai da na danne ta kamar da, sannan maganin ya shiga.

Ɗazu na shiga wajen Saratu. Tana zaune a ƙasa tana naɗe kwanukan tangaran da tsohuwar jarida, ɗaya bayan ɗaya, tana jerawa a kwali. Ba ta kuka. Tun Litinin ban ga hawayenta ba. Hoton Ezekiel yana kife a kan katifa. Ta yi magana da mai mota a tashar Unguwa Uku, ƙarfe bakwai na safiyar Asabar. Zonkwa za ta, gidan wani ɗan baffanta da ba ta gani ba tun ranar da aka binne Baba Luka.

“Kin ci abinci?”

“Na ci.”

Kwanon tuwon da na aika mata jiya yana nan a rufe yadda na aika.

“Ba za ki yi numfashin naki ba?”

“Ina yi,” ta ce. “Iska tana shiga, tana fita.”

Ta ɗauki wani kwanon ta naɗe. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, “In Hafsat ta ƙi kunkuru, ki bar ta. Ta zauna a kujera ta kifa kai a kan tebur, duk ɗaya ne.”

Na zauna na taya ta naɗewa. Ni ma ban ji komai ba, ko haushin da na shigo da shi. Shekara da shekaru ina jin tarinta ta katanga. Na yi ƙoƙarin tuna yadda gidan zai zama ranar Lahadi, kaina ya ƙi.

Da na dawo na tarar makaranta ta aiko mini da daddumaina tara a cikin buhu. An wanke su.

To, Malam Ashiru da Alhaji Ƙasimu, da ku nake. Ba roƙo na zo yi ba. Gobe Juma'a. In an sallame, ku tsaya a bakin get ɗin da samarin nan suka taru, ku faɗi da ƙarfi abin da Alhaji ya faɗa mini a bakin mota. Ina so Malam Ashiru ya ce shi ya ba da izini, ya fito da ƙyallen da ya ɓoye ya mayar a kan ƙusoshinsa. Alhaji ya kawo jikansa ya nuna wa mutane miƙar nan daga farko har ƙarshe. Ku ce daddumai na Khadija ne mai atamfa, ku faɗi layinmu, ina gida. Ku sa a ɗauke ku a waya, ku tura duk inda aka tura na farko. Daga nan ku taka zuwa wajen mai gidan da take haya ku ce ya janye maganarsa, ku karɓi takardar korar da hannun da kuka ba da ita. Motar tana tashi ƙarfe bakwai na safiyar Asabar. Ku zo kafin nan.